Kafin a sauya masanyayin furosesa a kwamfutar da kamfani ya harhaɗa

Yawancin kwamfutocin tebur da ake aiki da su a shagunan buga takardu na Nima da Mamobi, da ofisoshin makarantu a Madina Zongo, da ɗakunan samarin da ke tace bidiyon biki da suna, ba a Ghana aka harhaɗa su ba. Kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo ne suka ƙera su dungurungum, suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka, sannan suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, daga nan suka bazu zuwa shagunan Circle da sauran kasuwannin Accra. An tsara su ne domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, inda ƙura ba ta da yawa. Shi ya sa da zarar zafin Fabrairu da Maris ya kankama, sai ka ji ƙorafin masu su ya zo ɗaya: fanka tana ta ihu, aiki yana tafiyar hawainiya, wani lokaci ma kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya ana tsakiyar aiki. Abin da ke fara zuwa ran mai ita shi ne ya sayi babban masanyayi, wato ƙarfen nan da ke zaune a kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, tare da fankarsa, ya cire na kamfani ya sa sabo.

Tunanin ba laifi ba ne, kuma akwai inda yake biyan buƙata. Sai dai a ganina, a kwamfutar da kamfani ya harhaɗa, sayen sabon masanyayi shi ne mataki na ƙarshe, domin akwatin, da madabod ɗin, wato babban allon da ake jona kayan ciki a kansa, da BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, duk an ɗinka su ne daidai da masanyayin da ya zo da su, kuma kowannensu yana iya hana sabon ya shiga, ko ya shiga amma ya kasa tsinana komai. Kuɗin mutane suna salwanta a wannan wuri fiye da yadda ya kamata, alhali awo na 'yan mintoci zai iya hana hakan.

Zafin da furosesa ke fitarwa yana bin hanya ɗaya ce tak. Yana tashi daga ƙwayar da ke ciki zuwa murfin ƙarfen da ya rufe ta, ya ratsa ɗan siririn man da ake shafawa a kan murfin, ya shiga gindin masanyayi, ya watsu cikin siraran fallayen alminiyam, sannan fanka ta hura iska ta kwashe shi. A masanyayi mai kyau akwai bututan jan ƙarfe da aka rufe ruf da ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a wajen gindi, ya gudu zuwa saman bututun inda ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya dawo, kuma ta haka ake kai zafi nesa da furosesa cikin sauri. Abin lura shi ne duk wannan hikima ba ta iya sanyaya furosesa ƙasa da zafin iskar da ke ɗakin. Idan, alal misali, masanyayi yana riƙe furosesa a digiri 55 sama da zafin ɗaki, to a ofis mai digiri 22 za ta tsaya a 77, amma a shago mai rufin kwano da ya kai digiri 33 da azahar za ta kai 88, ba tare da komai ya lalace ba. Wanda ke kallon gwaje-gwajen da ake sakawa a intanet ya riƙa tuna wannan, domin galibi a ɗakuna masu sanyi ake yin su, kuma dole ya ɗora bambancin a kan lambar da ya gani.

Daga nan sai batun da ya fi rikita mutane, wato dalilin da ke sa furosesa ta rage gudu. Dalilan biyu ne, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Na farko shi ne zafi: yawancin furosesocin tebur na Intel suna ja da baya da kansu idan sun kai wajen digiri 100, jerin Ryzen 7000 na AMD kuwa a digiri 95, domin kare kansu daga ƙonewa. Na biyu shi ne iyakar wutar da aka yarda furosesa ta sha. Lambar da ake rubutawa a matsayin ƙarfin furosesa, kamar wat 65, ba ita ce iyakar abin da take zuƙa ba. Furosesar Intel Core i5-12400 an rubuta mata wat 65, amma tana iya kaiwa 117 idan ta ɗauki gudu. Core i7-12700 ita ma wat 65 ce a takarda, amma tana iya kaiwa 180. Ana barinta ta yi wannan gudun na ɗan lokaci, yawanci ƙasa da minti guda, sannan madabod ya dawo da ita kan iyakar da aka gindaya. A madabod ɗin da mutum ya saya da kansa, yana iya shiga BIOS ya ɗaga wannan iyaka. A yawancin kwamfutocin ofis na kamfanoni, ƙofar a kulle take. Ma'ana, idan abin da ke rage gudun kwamfutarka iyakar wuta ce, ko ka ɗora mata masanyayi mafi tsada a duniya, za ta yi sanyi, ƙararta za ta ragu, amma bidiyon da take gamawa cikin minti 20 zai ci gaba da cin minti 20 ɗinsa.

Rarrabe waɗannan biyun ba ya buƙatar ko sidi ɗaya. Manhajar HWiNFO kyauta ce ga mai amfanin kansa, kuma tana nuna zafin kowane sashe na furosesa, da yawan wutar da take sha, har da layin da ke faɗa ƙarara ko zafi ne ya ja mata birki ko iyakar wuta. Sai a buɗe ta, a ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi na kamar minti 10, ko da manhajar Cinebench ko da ainihin aikin da aka saba yi, a zuba ido. Idan zafi ya haura 95 ya maƙale a can, gudu kuma yana sauka, matsalar sanyaya ce. Idan kuwa zafi yana wajen 75 ko 80 amma wuta ta sauko ta tsaya cak a 65, to masanyayi ba shi da laifi. Ya kamata a yi wannan awo da rana tsaka, a inda kwamfutar ke zama kullum, domin awon bayan sallar asuba zai ba da amsa mai daɗin ji wadda ba ta dace da lokacin aiki ba.

Ko da awo ya nuna zafi ne, akwai abu biyu da suka fi saurin zama sanadi: ƙura da busasshen mai. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙaramar OptiPlex ta Dell ko ThinkCentre ta Lenovo da ta yi hunturu biyu a shagon bakin titi ya san abin da ake tararwa. Daga waje fankar tana da kyan gani, amma da an kwance ta daga kan ƙarfen, sai a ga ƙura ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama shimfiɗa guda mai launin toka, ta toshe bakin fallayen gaba ɗaya, har ana iya kama gefenta da yatsu biyu a ɗago ta ba ta karye ba. Fanka tana juyawa iya ƙarfinta, iska kuwa ba ta da hanyar wucewa. A Accra abin ya fi muni saboda busasshiyar ƙurar hunturu tana shiga tun daga Disamba, sannan danshin teku ya biyo baya ya manna ta. Idan aka ɗaga masanyayin kuma, man da kamfani ya shafa shekaru bakwai ko takwas da suka wuce ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki a ƙarshen rani, yana ɓarewa da farce. Aikin wannan mai shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma da ya bushe, iska ce ke maye gurbinsa, ita kuwa iskar da ta maƙale ba ta barin zafi ya ratsa da kyau. Kakkaɓe ƙura da sabon mai irin Arctic MX-4 sau da yawa su kaɗai ke kawo ƙarshen maganar. Wajen hura iska a riƙe fikafikan fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima, kuma kada a kuskura a buɗe akwatin wuta, wato wanda ke rarraba wa kayan cikin kwamfuta wuta, domin yana riƙe caji ko bayan an zare waya.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi na cire murfin gefe. Idan aka cire shi aka maimaita awon, zafi ya faɗi sosai, to akwatin ne ba ya numfashi, kuma sabon masanyayi zai riƙa juya iska mai zafi ne kawai a ciki. Maganin wannan shi ne ƙara fankar fitar da iska a baya, mai faɗin milimita 80 ko 92 gwargwadon gurbin da ke akwai, da kuma janye kwamfutar daga cikin lokar tebur ko jikin bango. Barin murfin a buɗe dindindin, kamar yadda ake gani a shaguna da dama, yana gayyato ƙura da kyankyasai, kuma a ƙananan akwatuna yana wargaza hanyar da aka tsara wa iska.

Idan duk an yi wannan, zafi bai sauka ba, ko kuma an riga an sauya furosesa zuwa wadda ta fi ta asali ƙarfi, to an iso wurin da sabon masanyayi ke da ma'ana. A nan ma tef ɗin awo ne ke fara magana kafin aljihu. Shahararrun masanyaya masu tsayi, irin su Hyper 212 na Cooler Master da Peerless Assassin 120 na Thermalright, tsayinsu ya haura milimita 150, NH-D15 na Noctua kuwa ya kai 165. Akwatunan ofis da yawa, har da waɗanda ake yi wa kallon manya, ba su da wannan faɗin, murfi ba zai rufu ba. Matsakaita irin NH-U9S mai milimita 125 ko NH-D9L mai 110 sun fi samun wuri. A siririn akwati kuwa, inda ma'ajiyar faifan ajiya kan kwanto a kusa da furosesa, sai gajeru irin NH-L9i mai milimita 37, wanda a gaskiya ba lallai ne ya fi na kamfani sanyaya ba, sai dai ya fi shi shiru. Ana auna tsayi ne daga saman murfin furosesa zuwa cikin murfin gefe, a kuma duba ko ƙarfen zai hau kan sandunan RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, ko ya taɓa katin hoto.

Sai ramukan ɗaurewa. Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod, kuma soket ɗin Intel na LGA1150 da 1151 da 1155 da 1156 da 1200 duk tazarar ramukansu ɗaya ce, milimita 75 kowane gefe, saboda haka masanyayin ɗaya yana hawa sauran. LGA1700, wanda ya zo a 2021, ya koma milimita 78, kuma furosesar ta ɗan fi zama ƙasa, don haka sai da kayan ɗaurinsa na musamman. A ɓangaren AMD, AM5 da ya fito a 2022 yana karɓar yawancin masanyayan AM4 muddin suna amfani da faifan baya na asali, wato faifan da ke bayan madabod wanda sukurun masanyayi ke kamawa. Wannan duka a takarda ne. A kwamfutocin kamfani da yawa, sukurun masanyayi suna shiga ne cikin wani faifan da aka manne a bayan madabod, ko ma cikin ƙarfen akwatin kansa, kuma zarensu ba lallai ya dace da na sabon ba. Sannan akwatunan nan galibi ba su da taga a bayan furosesa, wanda ke nufin sai an kwance madabod gaba ɗaya kafin a sa sabon faifan baya. Wanda zai yi haka ya ɗauki hoton kowace waya da wayarsa ta hannu kafin ya zare ta, domin wayoyin maɓallin kunnawa da na gaban akwati a irin waɗannan kwamfutoci ba su bin tsarin da aka saba.

Wurin da na fi ganin mutane suna tuntuɓe shi ne ɗan bakin wayar fanka. Bakin wayar fankar masanyayin da ake sayarwa a kasuwa galibi yana da ƙafa 4: ta ƙasa, wadda wuta ke komawa ta cikinta, da ta wuta mai bolt 12, da mai faɗa wa madabod saurin juyawa, da wadda madabod ke ba da umarnin ƙara gudu ko ragewa ta cikinta. Tsofaffin OptiPlex da dama suna da baki mai ƙafa 5 na Dell kaɗai, kuma sai da 'yar wayar haɗi wadda aka jera ƙafafunta daidai; jona ta da ka na iya ƙona fanka ko bakin madabod. Bayan haka BIOS yana duba fankar duk lokacin da aka kunna. Idan bai ji ta ba, ko ya ji tana juyawa ƙasa da saurin da yake tsammani, sai ya tsaya da saƙon gargaɗi: a HP lambar 511 ce, a Lenovo 0135, Dell kuma ya nemi a danna F1 kafin ya wuce. Babbar fanka mai kyau tana juyawa ne a hankali, kuma wannan natsuwar tata ce kan sa BIOS ya ɗauka ta mutu. Wasu kan kauce wa matsalar ta hanyar ba fanka wuta kai tsaye daga wayar faifan ajiya, amma sakamakon shi ne ta yi ta gudu a ƙure dare da rana, saƙon gargaɗin kuma yana nan. Ga mai shagon da ke barin kwamfuta ta kunna kanta idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa, tsayawa jiran F1 ba ƙaramar damuwa ba ce.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ƙananan kayan daidaita wuta da ke kewaye da soket. Masanyayin kamfani yawanci yana hura iska ne ƙasa, ta bazu ta shafe su, kuma a madabod na ofis galibi ba a ɗora musu ƙarfen sanyaya nasu ba. Masanyayi mai tsayi yana tura iska ta gefe, ta wuce ta samansu. Furosesa za ta nuna lamba mai faranta rai, su kuma suna dahuwa a ɓoye, har su kai ga tilasta rage gudu. Shi ya sa a irin wannan madabod na fi natsuwa da masanyayi mai hurawa ƙasa, ko kuma a tabbatar fankar baya tana jan iska da kyau.

Saboda waɗannan dalilai, shawarar da na fi yarda da ita ga mai kwamfutar ofis ita ce ya fara neman babban wan masanyayinsa daga kamfanin da ya ƙera ta. Kamfanonin nan kan yi masanyayi fiye da ɗaya domin akwati guda: na alminiyam zalla ga furosesa mai ƙaramin ƙarfi, da mai gindin jan ƙarfe ko bututai ga mai babban ƙarfi. Na biyun yana hawa ramukan nan dai, bakin wayarsa ya dace, BIOS ya san fankarsa, kuma ana iya dacewa da shi a wurin masu kwance matattun kwamfutoci a Circle. Idan yaro ya je wurin dattijon mai gyara ya ce, "Baba, a ba ni fanka mai ƙarfi," mai gyaran da ya san aikinsa zai ce masa, "Ɗana, kawo ta in buɗe in gani tukuna, ko ka kawo mini lambar da ke jikinta." Wanda ya miƙo kwali nan take ba tare da ya tambayi samfurin kwamfutar ba, ciniki kawai yake nema.

Kwamfutocin wasan bidiyo da kamfanoni ke harhaɗawa da kayan kasuwa na yau da kullum sun fi sauƙin sha'ani, domin ramuka da bakin waya duk na kowa ne, abin dubawa kawai tsayi da shigar iska, musamman masu gilashi a gaba. Game da masanyayi mai ruwa kuwa, ban ga dalilinsa ga yawancinmu ba. Yana buƙatar gurbin lagireto mai milimita 120 ko 240 wanda akwatunan ofis ba su da shi, yana da famfo da ke iya mutuwa ba sanarwa, ruwansa yana raguwa da shekaru, kuma ƙura tana toshe shi kamar yadda take toshe kowane. Ƙarfe da fanka kuwa, in fankar ta mutu, ita kaɗai za a sauya.

Kafin a kashe kuɗi, a dubi shekarun kwamfutar ma. Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfuta mai zubi na 4 ko na 6 ta cancanci shara da sabon mai, amma masanyayin da kuɗinsa ya kusa rabin darajarta gara a tara su domin wadda za ta gaje ta. Mai sabuwa kuma ya karanta sharuɗɗan garantinsa kafin ya taɓa sukuru.

Aikin kansa ba shi da wuya ga mai haƙuri. A bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintoci domin tsohon mai ya yi laushi, a kashe, a zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar caji ya fita. A lokacin hunturu, da iska ke bushe, jiki yana tara cajin da ke iya lalata kayan ciki, don haka a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu kan madabod. Ana sassauta sukuru huɗun ne kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan a ɗan murɗa masanyayin hagu da dama kafin a ɗaga. Wannan murɗawar tana da muhimmanci ƙwarai a soket ɗin AM4, inda furosesa kan manne ta fito tare da masanyayi, ƙafafunta su lanƙwashe. A goge tsohon mai da ƙyalle marar zare da sinadarin isofurofil har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake a tsakiya, matsin masanyayi zai baza shi. Man goge baki da giris ɗin mota ba su maye gurbinsa, kuma man nan mai kama da narkakken ƙarfe yana cin alminiyam, don haka a nisance shi. A ɓare siririyar ledar da ke manne a gindin sabon masanyayi, a ɗora shi sau ɗaya ba tare da ɗagawa ba, a ɗaure a gicciye zagaye-zagaye har sukurun su tsaya da kansu, a jona fanka a bakin da aka rubuta wa CPU, a tabbatar tana tura iska zuwa bayan akwati.

Bayan an rufe murfi, sai a maimaita awon farko da manhaja ɗaya, da aiki ɗaya, a lokaci ɗaya na rana. Idan zafi ya yi tsalle zuwa 100 cikin 'yan daƙiƙu, a kashe nan take, domin ko ledar gindi ce aka manta, ko wani kusurwa bai zauna ba, ko fanka ba ta juyawa. Idan ya hau a hankali ya tsaya tsakanin 70 da 85 ana tsakiyar aiki mai nauyi a ɗakin da babu na'urar sanyaya, wannan sakamako ne mai kyau a yanayin Accra. A rubuta lambar a ɗan takarda a manna a cikin murfin tare da kwanan wata, a sake awo a ƙarshen Fabrairu bayan ƙura ta lafa, kuma idan an ga ta ƙaru da digiri 8 ko 10, lokacin kwance fanka a share fallayen ya yi.